Ranar da Na Je Bikon Jikata

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare, kuma har gobe ban ga laifina ba don na ƙi jinin a wulaƙanta shi. Ba yaren ubana ba ne, na sani. Amma da shi na ci abinci, da shi na aurar da 'ya'ya, da shi na rufa ɗakunan gidanmu na Kusfa da kwano lokacin da azara ta gaji. Abin da ya yi maka wannan hidima, ai ba ka zauna kana kallo ana yanka shi gunduwa-gunduwa ba.

Bayan na yi ritaya 'ya'yana suka haɗu suka saya mini babbar waya, irin ta shafawa, suka jefa ni cikin wani zauren hira da suka buɗe don 'yan gida. Guruf suke ce masa. 'Ya'ya da surukai da jikoki duk suna ciki, har da mai ɗakina Hajiya, wadda ba ta rubutu, sai dai ta danna ta yi magana. Kwana biyun farko na ji daɗi ƙwarai. Ina zaune a zaure sai in ga jikan da ke Legas ya fara tafiya, in ga wadda ke Jos ta yi sabon lalle. Na ce lallai zamani ya zo da alheri.

A kwana na uku autata ta sa hoton faranti, ƙwai da dankali, ta rubuta a ƙasa wai tana cin brunch.

Na gyara gilashi na sake dubawa. An yanko kan breakfast, an yanko wutsiyar lunch, an ɗinke su wuri guda. Haba jama'a! Da mahauci zai haɗa maka kan akuya da bindin tinkiya ya ce ga dabba, ai sai ka kai shi gaban mai unguwa. Kada wani ya ce mini ai kalmar tana cikin ƙamus. Na san tana ciki. Ɓarawo ma yana cikin gari. In kin makara ba ki karya da wuri ba, ki ce kin makara, shi ke nan.

Ashe somin-taɓi ne. Wani jikana ya rubuta wai yana chillax a gida, wato yana hutawa, amma hutun nasa ya fi ƙarfin kalma ɗaya sai an gwama biyu. Wata ta ce a yi mata uzuri, hangry take, wai yunwa ce ta sa ta fushi. Yunwa da fushi tun zamanin kakanni suke tafiya tare, ba wanda ya ɗaura musu aure sai yaran yanzu. Ga kuma lol, wai alamar dariya ce. Ni na ga mai rubuta ta da idona a zaurena, fuska a murtuke kamar an kawo masa sammaci, yana aika wa wani lol. Na ce, kai, ina dariyar? Ya ce tana cikin wayar.

Na so in riƙa gyara musu nan take, to amma yatsana ɗaya ne ke aiki a kan waya, shi ma sai ya danna harafi biyu a lokaci guda. Sai na koma ga abin da na iya. Na sayi littafin rubutu da jan biro. Kowace Juma'a in na dawo daga masallaci na ci abinci, sai in baje a kan tabarma a zaure, in bi hirar mako gaba ɗaya, in kwafe duk wata kalmar haɗin gambiza, in rubuta mai laifi a gefe, in zagaye, in gyara, in ba da maki bisa goma. Daga nan in ɗauki hoton shafin in tura guruf. Suka sa masa suna sakamakon Juma'a.

Da farko abin raha ne. Surukina ya ba da haƙuri ya ce zai ƙara ƙwazo. Autata ta ce an zalunce ta, tana neman a sake duba takardarta. Hajiya ta danna ta ce ita dai ta gode Allah da ba ta rubutu. Ni kuwa na ji kamar an mayar da ni aji, har na fara ɗokin Juma'a tun daga Laraba.

Wadda ta fi kowa faɗuwa, kuma ta fi kowa alfahari da faɗuwar, ita ce amaryata. Jikata ce, 'yar ɗan farina da ke zaune a Gyallesu. Tun ranar sunanta na ce na yi mata, kamar yadda kowane kaka ke yi wa jikarsa, kuma tun da ta iya magana take ce mini ba ta son tsohon miji mai furfura a kunne. Ni in ce ban ga matar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, ita ta ce ba ta ga mijin da tuwon ma sai an yi masa laushi ba. A gidan nan kaf ita kaɗai ke da lasisin gaya mini magana. A hannuna ta koyi karatu, a wannan zauren, tana bin layi da yatsa. A lokacin da nake ba da labarinsa tana wani gari tana koyon aikin ungozoma, kuma kusan kullum sai ta rubuto mini, ni kaɗai, ba a guruf ba. Da gangan take ce mini bestie, wai babban amininta, don ta san sai na yi tsaki. Wallahi ina tsakin, amma in rana ta yi ban ga saƙonta ba sai in riƙa juya wayar ina duba ko caji ne ya ƙare.

Akwai wani ciwo da ke kama mai duba takardun jarrabawa, wanda duk ya yi aikin ya san shi. In ka shekara da shekaru kana duba takardun yara sittin-sittin, idonka zai koyi tsalle. Ba ya bin magana, kuskure yake bi, kamar kaza tana tsintar tsaba a cikin ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya na daina kwafe jimla, na daina ma karanta ta. In saƙo ya yi tsawo sai in ajiye shi sai Juma'a, ranar in zura ido, in tsinto kalmomin in zuba a littafi, in wuce na gaba. Ina ganin na ƙware ne.

Sai guruf ya fara yin tsit. Babu hoton faranti, babu na lalle. Abin da ya rage sai barka da Juma'a da sanarwar rasuwa, su ma da Turanci tsaf kamar takardar ofis. Amarya ma ta ɗauke ƙafa, na ce jarrabawa ce ta sha mata kai. Na leƙa zauren maƙwabcina Alhaji, maɗinkin manyan riguna, abokina tun muna makarantar allo, na same shi ya duƙufa a kan ɗinkin wata riga mai aska takwas. Na ce, "Alhaji, na gyara gidana. Sati uku ke nan ban tsinci ko kalma ɗaya ba."

Ya ciji zare ya tofar, ya ce, "To, madalla." Bai ko ɗago kai ba.

Wata Talata da hantsi na shiga cikin gida neman buta, sai na ji Hajiya tana ƙyalƙyala dariya a rumfa. Tana tankaɗe, ta ɗora wayarta a kan turmin da ta kife, muryoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga ta autata, ga ta surukina, ga jikan Legas yana gwalanti. Na zaro tawa wayar na duba. Shiru.

Na ce, "Hajiya, wannan hirar daga ina?"

Ta ce, "Guruf ne."

"Wane guruf? Ga shi nan a hannuna, ba kowa."

Ta ci gaba da kaɗa rariya, ta ce, "Ai wancan naka ne, Malam. Wannan namu ne."

Na tsaya da buta a hannu. Na tambayi tun yaushe, ta ce sati uku. Na tambayi sunansa, ta ce sunansa Ba Jarrabawa. Kai, ranar na yi faɗa. Na ce wato ni za a yi wa taron dangi, a bar ni a kango ina gadin barka da Juma'a? Ni da na biya wa kowannensu kuɗin makaranta? Wa ya buɗe shi? Ta ce babban nawa ne. Ni da ita ba mai kama sunansa, ɗan fari ne.

Ta bari sai da na sauke, sannan ta ajiye rariyar. Ta ce, "Malam, ba don makinka aka gudu ba. Makinka dariya yake ba su. Don amaryarka ne. Yarinya ta rubuto maka magana, kai kaɗai, ka ɗauka ka yi mata jan biro, ka baza a gaban kowa. Uku bisa goma. Uwarta ta ce ranar ko abinci ba ta ci ba."

Na ce, "Me ta rubuta?"

"Kai da aka rubuta wa kake tambayata? Ni da ban yi boko ba?"

Na koma zaure da sauri na buɗe wurin hirarmu. Ta goge saƙon tun ranar, sai alamar inda yake. Na jawo littafina na buɗe shafin waccan Juma'ar. Ga layinta nan, kalmomi bakwai a zagaye da ja: ginormous, gonna, bestie da 'yan uwansu, ga uku bisa goma na rubuta har da ja masa layi biyu. Na zauna ina kallonsu ina ƙoƙarin tuna maganar da ke tsakaninsu. Ko ɗigo ban tuna ba, don ban karanta ba. Wani abu ne ƙato, wannan na gane, tunda ginormous ƙato ne aka haɗa da wani ƙaton. Amma mene ne ƙaton? Na ji tsoro, tsoro na gaske, kada yarinyar nan ta daina rubuto mini ke nan har abada.

Hajiya ta leƙo ta ce amarya yau kwananta huɗu da dawowa hutu, tana Gyallesu, kuma ta aiko a gaya mini ta yi yaji. In ina son aurena in je biko, kuma biko na sosai, da manya, ba wai in buga waya ba.

Na ce, "Ni? In je gidan ɗan cikina biko?"

Ta ce, "To zauna." Ta koma tankaɗenta.

Washegari bayan azahar na sa babbar riga. Na sayi goro, Hajiya ta ƙulla mini alkaki a leda don ta san shi amarya ke so. Na je na roƙi Alhaji ya raka ni a matsayin babba. Nan na gane ashe ya san komai tun farko, matarsa ta ji a wurin Hajiya. Ya soke allura a jikin hularsa, ya ce shekara hamsin yake jiran ranar da zai raka ni ba da haƙuri, yau ko ɗinkin wa ke hannunsa sai ya jira. Muka tari keke mai ƙafa uku, muka fita ta Ƙofar Doka, yana ta koya mini yadda ake sunkuyar da kai a gidan surukai.

Babban nawa ya tarbe mu a ƙofa ya durƙusa zai gaishe ni. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi raha da shi ba, magana in ta yi tsawo jimla uku ce. Alhaji ya ce masa, "Tashi, tashi. Yau ba ɗa kake ba, suruki ne. Shiga ka hau kujera, mu za mu zauna a ƙasa."

Ya ce, "Wallahi Alhaji ba zan iya ba."

Aka yi ta ja. A ƙarshe duk mu ukun muka zauna a kan darduma, kujeru shida na falon suna kallonmu ba kowa a kai. Mutumin da ke da ofis da masinja, ga shi ya takure a gefe yana zufa yana ƙirga zanen darduma.

Alhaji ya tura goro gabansa, ya gyara murya, ya yi sallama irin ta masu neman aure. Ya ce, "To, mun zo ne a kan maganar 'yarku. Yaronmu ya yi kuskure. Ƙuruciya ce. Mun yi masa faɗa, kuma ya ce ba zai sake ba."

Yaronmu! Ni da furfura har a kunne. Na ga kafaɗun ɗana suna rawa, ya cusa fuska a hannun riga. A bayan labule kuwa matarsa ta kasa riƙewa, muka ji ta fashe ta ruga ciki. Da ƙyar ɗana ya iya cewa, "To, Alhaji, mu ba mu da ta cewa. Sai a kira ta a ji ta bakinta." Wannan ne karo na farko da na ga ɗana yana dariya a gabana tun yana ɗan yaye, kuma na ga ashe dariyar mahaifina ce ya ɗauko.

Ta shigo da hijabi har ƙasa, ta zauna can nesa ta juya fuska ga bango, yadda masu yaji ke yi. Ta ce, "Alhaji, a tambayi tsohon me ya kawo." Aka miƙa mata leda. Ta buɗe ta leƙa, ta ce alkakin ya yi, amma ta san ba dabararsa ba ce. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta juyo muka haɗa ido na ga wasan a baki kawai yake. Na san idon yarinyar nan tun tana zanin goyo, kuma ranar akwai ciwo a cikinsa.

Ta ce sharaɗinta ɗaya ne. Ta taso ta zare biron da ke aljihun gabana ta ba Alhaji ajiya, sannan ta buɗe wayarta, inda ta adana hoton saƙon kafin ta goge, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Karanta. Da ƙarfi, yadda kake sa ni in yi a zaure. Daga farko har ƙarshe, ba tsallake."

Na gyara gilashi na fara. Da Turancinta ta rubuta, irin nasu, ni kuwa ga abin da ya ce da Hausa.

Ta ce yau da safe an kawo wata mata ɗakin haihuwa, sistar da ke koya musu tana kan wata mai naƙudar, kafin a ankara haihuwa ta taho, sai ita kaɗai a wurin. Ita ta karɓa da hannunta, karo na farko a rayuwarta. Jinjiri ƙato, ƙato na gaske. Amma ya fito shiru, ba kuka, ba motsi. Ta ƙwala wa sista kira, ta ɗauki tawul ta shiga goge shi tana murza bayansa yadda aka koya musu, uwar tana tambaya me ya faru, me ya faru. Ta ce a lokacin ba abin da ya zo mata a kai sai muryata, lokacin da take bin layi da yatsa ta kakare, ina ce mata a hankali, amma kada ki tsaya. Ba ta tsaya ba. Sista na isowa jinjirin ya tsala kuka.

Saura layi biyu. Ta ce tana tsaye ne a bayan ɗakin, ko hannu ba ta gama wankewa da kyau ba, ji take kamar za ta yi kuka kamar za ta yi rawa. Ba ta gaya wa mamanta ba, ba ta gaya wa babanta ba. Ni ta fara gaya wa, don ni ne bestie ɗinta.

Na karanta kalmar da bakina, a gaban ɗana da abokina, ban yi tsaki ba. Alhaji ya kawar da kai yana share ido da bakin rigarsa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma wani alfahari da ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa shi. Yarinyar da na koya wa bin layi ta tsaya a kan rai har ya dawo, ta rugo wurina da labarin tun yana da zafi, ni kuwa na tsinci kalma bakwai na ba ta uku.

Na so in ba da haƙuri da dogon bayani, na ma shirya shi tun a cikin keke. Duk ya gudu. Na sake duba saƙon, na ga akwai abin da ba ta faɗa ba, abin da kowace tsohuwa a Kusfa za ta fara tambaya kafin komai. Na ɗago na ce, "Amarya, mace ce ko namiji?"

Ta dube ni. Sai hawaye, sai dariya, duk a lokaci guda.

"Mace! Mace ce, tsoho! Sati uku nake jiran ka tambaye ni."

Ta taso ta zauna a gefena a kan darduma, ta ture hijabin baya, ta ɓalli alkaki ta ba ni rabi, ta kama labari tun daga lokacin da aka shigo da matar. Da hannu take yi da ƙafa, tana nuna mini girman jaririyar, tana kwaikwayon gudun sista, tana kwaikwayon kakar jaririyar da ta rungume ta a baranda tana sa mata albarka. Uwarta ta fito daga bayan labule ta zauna, ɗana ya matso. Ni kuwa tambaya nake ta jerowa, nauyinta nawa, ta kama nono, uwar ta samu lafiya, an sake kawo ta kin gan ta?

Aka kira la'asar ba ta kai ko rabi ba. Muka je muka yi salla muka dawo, ta ci gaba daga inda ta tsaya.